Rubutu ba tsayawa yana tono min tsoro, in ci gaba ko in bari?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Wata ƙawata ce ta koya min wannan rubutun da ake yi ba tsayawa: ki saita agogo minti goma, ki ɗora biro a takarda, ba gogewa, ba gyara, ba komawa baya a karanta sai lokaci ya cika. Tsoron tuƙi ne ya sa na fara. Tun ranar da wata babbar mota ta goge min gefe, da na kama sitiyari sai tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, ƙafata na rawa a kan birki.

Layukan farko kullum maganar mota ce, hon da madubi da shataletale. Kafin in kai rabin shafi sai hannun ya kauce. Jiya "wa zai riƙe min yaran nan" na yi ta rubutawa, layi bayan layi, ina dannawa har biron ya huda takarda. Na rufe littafin ƙirjina a cushe, barci ya gagara. Don Allah haka ake ji, ko ciwo nake fama wa kaina?

Malamin Aji:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Wannan kaucewar ita ake nema. Peter Elbow, wanda ya yaɗa dabarar tun 1973, ya hana tsayawa ne don kada mai gyaran da ke cikin kai ya samu damar tace magana, shi ya sa abin da ke ƙasa yake tasowa. Nauyin ƙirjin ma sananne ne. A 1986 James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam, ya sa ɗalibai a Amurka su rubuta abin da ya fi taɓa su a rayuwa, minti 15 kullum, kwana huɗu a jere. Da yawa sun tashi daga rubutun ransu a jagule, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibiti ya ragu idan aka kwatanta da waɗanda suka rubuta abubuwa marasa nauyi. Lura fa, kwana huɗu ne, ba kullum har abada ba.

Anti Nas:
Ƙanwata, daina yi da dare. Ki mayar da shi safe ko rana, lokacin da akwai aikin da zai ɗauke miki hankali bayan kin rufe littafin. In kika ji numfashi na sarƙewa, ajiye biron. Pennebaker ɗin ma ya ce wanda ya ji abin zai fi ƙarfinsa ya dakata. In kuma hatsarin na dawo miki a mafarki ko ido biyu fiye da wata guda, ki ga likita, kada ki tsaya ga takarda kawai.

Mai Nazari:
Ni jimla ɗayar nan da kike nanatawa ce ta dame ni. Nanata magana ɗaya shi ne saƙe-saƙen da zuciya ta saba, an dai mayar da shi kan takarda. In ta sake fitowa, rubuta "sai me?" a ƙarƙashinta ki amsa. Wa kike gani zai riƙe su? Me ya sa zuciyarki ba ta kwanta da shi ba? Ki kuma kira abin da kike ji da sunansa: tsoro ne, haushin direban ne, ko kaɗaici. A 2007 wani mai bincike, Matthew Lieberman, ya nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa ambaton sunan abin da ake ji yana rage tashin sashen da ke kaɗa ƙararrawar tsoro.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Anti, mafarkin ba ya zuwa, alhamdu lillahi, kuma na koma safe. Na gwada "sai me" ɗin, amsar da ta fito ita ce ni da maigidana ba mu taɓa zama mun yi wannan maganar ba. Yau zan tayar masa da ita. Shin in nuna masa shafin yadda yake, ko in faɗa da baki?