Tattaunawar karin magana: "Ba mai kai yamma bayan matan ƙaddara sun yanke hukunci"

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Maganar da na kawo yau ta mutanen arewacin Turai ce na dā, kakannin mutanen Ayislan da Norwe da Danmak, kuma tana cikin waƙar Hamdir, wadda ita ce waƙa ta ƙarshe a kundin waƙoƙin Edda da aka rubuta a Ayislan wajen shekarar 1270. A addininsu na gargajiya akwai wasu mata da suke kira Norn, manyansu uku, Urd da Berdandi da Skuld, waɗanda ke zaune a bakin wata rijiya a gindin bishiyar da suka ce ita ke riƙe da duniya, kuma su ne ke yanka wa kowane ɗan Adam tsawon kwanansa. Abin da maganar ke cewa shi ne, idan hukuncin matan nan ya faɗa kan mutum, to ko faɗuwar ranar wannan yini ba zai gani ba. Tambayata ga 'yan uwa: wannan magana ta mai sallamawa ce, ko ta mai taurin zuciya?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. A fahimtata ta mai sallamawa ce, domin ban ga abin da ya raba ta da tamu da muke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa ba. Wanda ya faɗe ta ya riga ya saduda, yana lallashin kansa ne kawai.

Malam Habibu:
Hajiya, da kin ji inda aka faɗe ta, ina jin da kin sassauta. Labarin shi ne, sarki Yormunrek ya sa dawakai sun tattake matarsa Svanhild har ta mutu, sai mahaifiyarta Gudrun ta zuga 'ya'yanta maza biyu, Hamdir da Sorli, su je su ɗaukar wa 'yar uwarsu fansa. Tun kafin su hau dawakansu sun gaya wa uwarsu cewa su ma za ta yi kukansu, amma hakan bai hana su tafiya ba. Suka kutsa fadar sarkin, suka sare masa hannuwa da ƙafafu, kuma da aka ga ƙarfe ba ya cin su, sai aka koma jifan su da duwatsu. A wannan hali ne aka furta maganar, bayan mai furta ta ya ce sun yi faɗa mai kyau, sun sami suna, ko yau za su mutu ko wata rana. Wanda ya san ba zai dawo ba amma ya tafi, ni ba zan kira shi wanda ya saduda ba.

Usman Ɗan Bakin Kasuwa:
Gafarta Malam, akwai wani ɓangare na labarin da ka tsallake, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin. Su uku ne ya kamata su isa fadar, domin akwai ɗan uwansu Erp, wanda suka haɗu da shi a hanya, suka raina shi saboda ba uwarsu ɗaya ba kamar yadda waƙar ta kawo, suka kashe shi kan wata amsa da ba su fahimta ba. Da suka bar wa sarkin kansa da harshensa, da bakin nan ne ya ba da umarnin a jefe su, har ɗaya daga cikinsu ya ce da Erp yana raye da tuni kan sarkin ya rabu da wuyansa. To ina laifin matan rijiya a nan? Mutum ya rage ƙarfinsa da kashi ɗaya cikin uku da hannunsa, sannan da duwatsu suka fara sauka sai ya tuna da hukuncin ƙaddara. Ni dai ina jin maganar a matsayin mafakar wanda ya yi ɓarna, kuma ba na son a ɗauke ta a matsayin hikima ba tare da an ambaci Erp ba.

Malama Zainab:
Malam Usman ya taɓo wuri mai muhimmanci, sai dai ina ganin mawaƙin da gangan ya ajiye abubuwan biyu kusa da juna, domin a tunanin mutanen nan ƙaddara ba ta faɗowa daga sama haka kawai, ta cikin halin mutum da zaɓinsa take biyowa. Dubi yadda suka ba da labarin allolinsu ma. Da Baldur ya yi mugayen mafarkai, uwarsa Frigg ta bi wuta da ruwa da ƙarfe da duwatsu da cututtuka ta sa kowanne ya rantse ba zai cuce shi ba, ta bar kauci kaɗai don ta ga ya yi ƙanƙanta, kuma da kaucin nan Loki ya sa makaho Hod ya kashe shi. Haka kuma suka ɗaure kyarkeci Fenrir saboda tsoron abin da aka faɗa zai aikata, Tyr ya rasa hannunsa a wajen ɗaurin, amma duk da haka Fenrir ɗin ne zai haɗiye Odin, babban allolin nasu, a yaƙin ƙarshe na Ragnarok. Odin ya san da haka sarai, kuma bai fasa tara jarumai a fadarsa Balhalla don ranar ba. Saboda haka, a wurinsu sanin ƙarshe bai ɗauke wa kowa nauyin shiri ba, bai kuma wanke kowa daga abin da ya aikata ba.

Hajiya Rabi:
To ke nan, Malama, kwatancen da na yi da farko bai cika ba. Mu idan mun ambaci ƙaddara, Mai ƙaddarawa muke nufi, wanda babu wani iko a bisansa, ana roƙonsa, ana kuma fatan alheri daga gare shi. Su kuwa manyan allolin nasu ma a ƙarƙashin hukuncin suke, kuma a waɗannan labaran da kuka kawo ban ji inda wani ya je bakin rijiyar ya nemi sassauci ba.

Malam Habibu:
Haka ne, Hajiya, shi ya sa nake ganin a karanta ta a muhallinta, kada a kai ta gidan makoki a matsayin ta'aziyya. Wani abin lura kuma, kundin da ya adana ta Kiristoci ne suka rubuta shi, kusan shekara 270 bayan Ayislan ta karɓi Kiristanci wajen shekarar 1000, amma labarin ya girme shi nesa: marubuci Jordanes ya kawo shi tun a ƙarni na 6, game da Ermanarik, sarkin Gotawa na ƙarni na 4, wanda shi ne Yormunrek na waƙar, inda ya ce 'yan uwa biyu sun raunata shi don ramuwar 'yar uwarsu da aka kashe da dawakai.

Usman Ɗan Bakin Kasuwa:
Na gode da wannan ƙarin, Malam, kuma yana ƙarfafa zancena ne, domin a ruwayar Jordanes 'yan uwan biyu ne kawai, babu Erp a ciki. Ke nan masu waƙar da suka zo daga baya ne suka shigar da kisan ɗan uwan, suka sa shi ya zama sanadin gazawar, kuma ba zan yarda cewa sun yi wannan wahala don su ɗora wa matan rijiya laifin duka ba. Malama Zainab, ina so ki duba mana ko akwai wani wuri a cikin waƙoƙin da wanda bai yi wata ɓarna ba ya furta irin wannan magana, domin sai an sami hakan zan sauka daga ra'ayina.