Katin gwal na jirgin sama: yana biyan wahalar ɗan kasuwa kuwa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata yadi a Kantin Kwari, kuma ina zuwa Guangzhou saro kaya. Wata tafiyar in bi Ethiopian ta Addis Ababa, wata in bi EgyptAir ta Alƙahira, Umara kuma Saudia, duk dai wanda ejan ya ce ya fi sauƙi. Kowane kamfani na yi rajistar katinsa, amma ko ɗaya bai motsa daga matakin farko ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne zaman jiran canjin jirgi. Waɗanda muka zauna sahu ɗaya da su a ikonomi sai in ga sun nuna kati sun shige falon hutawa, ni kuwa ina waje ina gadin wurin cajin waya. Ta yaya ake kai wa ga wannan katin? Kuma yana da wani amfani bayan shayi da kujera mai laushi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tafiyarka ta isa, rarraba makin da kake yi ne ya hana ka motsi. Abin kamar adashe ne, mai zubi a gida uku ba ya ɗaukar abin kirki a ko'ina.

Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, Star Alliance. EgyptAir da Turkish sun shiga a 2008, Ethiopian a 2011. Saboda haka ko jirgin Masar ka hau, kana da damar ba da lambar ShebaMiles ɗinka, wato katin Ethiopian, makin ya faɗa can. Zaɓi kati ɗaya, ka manta da sauran. Saudia ce kawai ba ta cikin wannan lissafi, ita 'yar SkyTeam ce, makin Umara sai dai ya tafi katinta na Alfursan.

Ga lissafin a gurguje. Kano zuwa Addis mil dubu biyu ne da 'yan kai, Addis zuwa Guangzhou wajen dubu biyar. Zuwa da dawowa ya kama kusan 14,000. Matakin gwal na ShebaMiles yana neman 50,000, wato tafiya huɗu a shekara ta kai ka, idan ana ba ka cikakken maki. To a nan gizo ke saƙa. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna ajin farashinsa, ko da kujerar iri ɗaya ce. Tikitin garaɓasa yakan ba da rabin makin, ko kwata, wani ma ba ya ba da komai, musamman idan ka kai shi katin wani kamfani. Kafin ejan ya yanka, ka tambaye shi harafin, ka duba jadawalin da ke shafin kamfanin katinka. Ejan araha yake nema maka, makinka bai dame shi ba. Wani lokacin bambancin kuɗin kaɗan ne, makin kuwa ninki biyu.

Sannan ka tabbata lambar ta fito a jikin katin shiga jirgi, kuma sunan da ke kan katin ya yi daidai da na fasfo. Mu da muke rubuta Muhammad yau, gobe Mohammed, wannan kaɗai yana cinye wa mutane maki. Tafiyoyin baya kuwa kada ka yar da ragowar katin shiga jirgin, ana iya neman a saka maka makin daga baya, amma akwai wa'adi.

Hajiya Mai Lesi:
Alhaji, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ni falon ba shi ne riba ba. Ribar tana wurin awo. Mai katin gwal na Star Alliance ana ƙara masa jaka guda a tikitin da ake ƙirga jakunkuna, ko kilo 20 inda ake bin nauyi. Ka je filin jirgin Guangzhou da daren tashi ka ga 'yan'uwanmu a durƙushe gaban sikeli, an farke jakar da aka biya kuɗi aka naɗe da leda, ana zaro takalma ana cusawa a jakar hannu saboda kilo biyu. Ka lissafa abin da kake biya na ƙarin jaka a shekara, shi zai gaya maka ko katin ya biya. Ga layin awo na daban, ga takardar da suke maƙala wa jaka don ta riga fitowa, ko da yake wannan sai wanda ya yi sa'a.

Falon ma ku san ƙa'idarsa. Mutum ɗaya tak za ka shiga da shi, kuma sai jirgi ɗaya za ku hau. Mai tafiya da iyali ya san da wannan tun daga gida, don kada a bar uwargida a ƙofa a dawo Kano da magana. Ni abin da na fi so a ciki wurin alwala mai tsabta da wanka ne, abincin dai a ci a gode wa Allah.

Ɗan Farm Centre:
Ranku ya daɗe, a bar ni in kawo ɗan cikas. Wanda tafiyarsa ba ta wuce biyu a shekara ba, kada ya ƙona kuɗi yana bin gwal. Akwai faluka da ake biya a ƙofa, akwai kuma Priority Pass, katin shiga faluka da ake saye, wanda babu ruwansa da jirgin da ka hau ko ajin tikitinka. Matakin azurfa na Star Alliance kuwa ba ya buɗe falon sauran kamfanoni, duk da dai Ethiopian ta ware wa masu azurfarta nasu falon a Addis.

Masu bin Qatar su ma su sani: katin gwal ɗinsu daidai yake da matakin Sapphire a oneworld, ƙungiyar da Qatar ke ciki, amma a Doha ba ya shigar da mutum falon Al Mourjan. Wancan na masu tikitin bizines ne, masu kati falonsu daban.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu suka rage. Ni nake biya wa yarana biyu na shago tikiti, makinsu ba zai dawo wurina ba? Kuma na ga ana sayar da maki, in saya in cike?

Tsohon Hannu:
Ta farko a'a, Alhaji. Makin mataki na wanda ya zauna a kujerar ne, ba na wanda ya biya ba, ka buɗe wa kowane yaro nasa. Makin da aka fi sayarwa kuma na karɓar tikitin kyauta ne ko ɗaga kujera, irinsa ba ya hawa da kai mataki. Iri biyu ne a asusun, ka duba da kyau za ka ga kowanne da layinsa.

Idan ba ka riga ka tara da yawa a ShebaMiles ba, ka leƙa Miles&Smiles na Turkish. Matakin Elite mil 40,000 yake nema cikin wata 12, yana yin shekara biyu, kuma shi ma gwal ne a Star Alliance, zai buɗe maka falon Addis da na Alƙahira. Amma ka fara duba nawa suke bayarwa a kan harafin tikitin Ethiopian da ka saba saye. In rabi ne, zauna inda kake. Turo min haruffan tikitinka na baya-bayan nan mu lissafa tare.