Gwajin lokacin tsayawar jini yana ba ni sakamako biyu a mutum ɗaya

Salamu alaikum, ma'aikatan ɗakin gwaji. Na kasa gane kan wannan lamari.

Hanyar Ivy nake bi: in ɗaura madaurin awon jini a damtse, in hura shi zuwa 40 mmHg, in goge cikin hannu da sifirit ƙasa da gwiwa, in bari ya bushe, in huda da lanset (ƙaramar allurar huda fata) inda babu jijiya. Duk daƙiƙa 30 ina ɗauke ɗigon da gefen takardar tacewa ba tare da ta taɓa ciwon ba.

Majiyyaciya ɗaya, hannun dama minti 4, hagu minti 11. Washegari na maimaita, ya ba ni 6 da 10. Filatilet ɗinta (ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare) 230,000, gwaje-gwajen daskarewar jini na PT da aPTT lafiya lau, kuma ta ce ba ta sha asfirin ba sama da mako biyu.

Na canza madaurin saboda tsohon yana sace iska, na ɗumama ɗakin, har na gwada kunne da hanyar Duke: minti 3. Abin da ya fi damuna, lanset ɗin irin wanda ake hudawa da hannu ne, ba na na'ura ba, zurfin hudar ba ya zuwa daidai, kuma tiyata ake shirin yi mata.

Bambancin zurfin huda kaɗai zai iya jawo tazarar minti 7 tsakanin hannu biyu? Na gode.