Me za mu kira "kilasman" na duwan da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman taimakon masu harshe da masu sana'a, musamman 'yan tiranzit na Maradi, masu cika wa 'yan kasuwa takardun fitar da kaya, da alhazan da ke shigo da kaya ta iyakar Ɗan Isa. Akwai kalmomi biyu na Faransanci da ake jifan mai kaya da su a biron duwan, wato ofishin kwastan: "kilasman tarifer" da "pozisiyo tarifer". Dattijo ya gyaɗa kai, ya biya, ya fito bai san abin da aka ce masa ba. Ina so mu samo musu Hausar da za a faɗa sau ɗaya a gane.

Ga abin da ake nufi da su. Hukumar duwan ta duniya da ke Burusel tana da kundi guda da ya jera duk abin da ake saye da sayarwa tsakanin ƙasashe, tun daga raƙumi mai rai har jirgin sama. Ya fara aiki a 1988, kusan duk shekara biyar ake sabunta shi. An kasa shi manyan sassa 21, a cikinsu akwai babi-babi, kowane kaya da lambarsa mai alƙaluma shida. Waɗannan shidan ɗaya suke a Yamai da Legas da Guwanju ta ƙasar Sin. Ƙasashen yankinmu sun ƙara huɗu a baya suka zama goma. Nemo wa kaya layinsa a kundin shi ne kilasman, layin kansa shi ne pozisiyo. Kason kuɗin da za ka biya kuwa a gaban layin yake rubuce a kundin ƙasashen yankinmu.

Kayan da ya jawo maganar wani benci ne na roba da ake shigowa da shi yanzu, na ajiyewa a tsakar gida ko ƙofar shago. Yana ɗaukar mutum biyu. In ka kwantar da majinginarsa ya zama tebur. In ka ɗaga mazaunin sai ka tarar da ciki kamar adaka, a zuba butoci da takalman yara a rufe. A kwali yake zuwa a warware, ƙafafu daban, murfi daban, da 'yar ledar kusoshi manne a gefe. A faktir, wato takardar ciniki, an rubuta masa "mai aiki da yawa", mu dai komai-da-ruwanka za mu ce. Kundin duwan bai san wannan suna ba. Kujera ce, ko tebur, ko akwati? Dole ya zama ɗaya.

Yadda ake bi kuwa, babi na 39 shi ne na roba: bokiti, baho, buta, kwanon roba duk suna 39.24, wato alƙaluma huɗun farko na lambarsu ke nan. Sai mutum ya ce ai benci ma roba ne, a kai shi can. A'a. Babin da kansa ya ce bai ɗauki kayan babi na 94 ba, wato kujeru da tebura da gadaje. Abin zama yana 94.01, sauran su tebur da kabad suna 94.03, na roba daga cikinsu 9403.70. Zuwansa a warware ba ya canza komai, ƙa'ida ta ce a ɗauke shi kamar an riga an haɗa. In abu ya shiga layi biyu, a fara duba wanda ya fi siffanta shi dalla-dalla. In bai warware ba, a duba abin da ya zama ainihinsa. In har yanzu an yi kunnen doki, na ƙarshe a jerin lamba ya ɗauka. Ka ga kenan idan aka yarda zama ne ainihin bencinmu, 94.01 zai tafi, idan kuma aka kasa rabawa tsakanin zama da tebur, 94.03 ce za ta ci don ita ce a baya.

Wani abin dariya: kundin ya raba kayan katako gida-gida, na ofis, na kicin, na ɗakin kwana. Da ya zo kan roba sai ya tattara su layi guda. Ba ruwansa da ko a falo za ka ajiye ko a gindin bedi. Babbar laimar da ake sokawa a tsakiyar tebur kuma ba ta ma cikin babin, tana 66.01 tare da laimar hannu.

To, shawarwari sun fara shigowa.

Wani malamin makaranta ya ce "rarraba kaya" ko "rukunta kaya". Malam, Allah ya ƙara sani, amma ka faɗi "an rarraba kayanka" a babbar kasuwa ka ga yadda hankalin alhaji zai tashi. Zai ɗauka an raba wa yaran shago ne, ko an yi wasoso. Rukuni kalma ce mai kyau, sai dai ta yi faɗi. Mu bar ta ga manyan sassan nan 21.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin duwan ya kawo "tantancewa". Baba, ku kuka san aikin, mu a bakinku muka ji. Amma ina ganin tantancewa ita ce abin da ake yi a fili: a yanke salatif, a buɗe kwali, a ƙirga, a ga ko abin da ke takarda shi ne a mota. Ana iya tantance benci sarai, kowa ya yarda benci ne mai murfi, sannan a fara gardamar layin da zai shiga. Aiki biyu ne, kada mu ɗora musu suna ɗaya.

Ɗan'uwa daga Katsina ya ce "aji". Wannan na karɓa hannu biyu, amma ga wani wurin. Tsarin kuɗin fito na bai-ɗaya da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka (ECOWAS), ta fara aiki da shi a Janairun 2015 yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Waɗannan su ne azuzuwa. Layuka dubbai ne, aji biyar ne kawai, kowane layi an ce ga ajinsa. Kayan da aka gama ƙerawa don amfanin gida galibi ajin 20 suke faɗawa. Na san wani zai ce ai Nijar ta bar CEDEAO tun Janairun 2025. Haka ne, amma muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu kuɗin sefa, kuma alƙaluma shidan farko ba na CEDEAO ba ne, na duniya ne.

Hajiya mai shagon kayan roba ta rubuto: "Ni dai dangi nika cewa. Wanga benci dangin kujera na ko dangin akwati?" Hajiya, wallahi tambayarki ta fi ta kowa zama a baki, kuma haka ya kamata tiranziter ya fara tambayar mai kaya. Inda dangi ya gaza shi ne, abu yana iya haɗa dangi da gida uku a lokaci guda, kamar bencin nan. Kundin kuwa wuri ɗaya tak yake bayarwa.

Shi ya sa tawa shawarar ita ce gurbi.

Ku tuna dara. An haƙa gurabu a ƙasa tun kafin a fara wasa, kowane ɗa gurbi ɗaya yake zama, ba ya raba ƙafa. Haka kundin yake: gurabun suna nan a jere tun kafin kayanka su baro Sin, aikin kawai a gano wanne ne nasu. Kalmar tana ɗauke da abu biyun da muke so mai kaya ya riƙe, cewa wurin ɗaya ne, kuma ba mai kaki ne ya ƙirƙiro shi yau da safe ba. Pozisiyo ta zama gurbi. Lambar nan mai alƙaluma goma ta zama lambar gurbi. Kilasman ya zama ba kaya gurbi, ko neman gurbi idan ana cikin aikin.

Ku gwada a baki. "Alhaji, kujerun nan gurbinsu 94.01 ne, ba gurbin bokiti ba." "Wane gurbi ka sa mini kayana?" "An sa su a gurbin da ba nasu ba, shi ya sa aka ci mu tara." Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

Wani ɗalibi ya ce a yi masa aikatau, a ce "gurbanta kaya". Ƙanena, ka rufa mana asiri. Mutane da yawa ba sa rubuta ɓ mai lanƙwasa a waya, gurbanta da gurɓata tazararsu harafi ɗaya ce. Ranar da tiranziter ya aika wa ubangidansa saƙo cewa duwan ta gurbata kaya, sai an kai ruwa rana kafin a fahimci juna. A bar shi kalma biyu.

An kuma ce gurbi ai na maye gurbi ne da cike gurbi, wurin da babu kowa. Wannan ma ya taimake mu. Wuri ne da aka tanada yana jiran mai shi.

Sai babban ƙorafi, daga wani tiranziter da ya daɗe a hanyar Kwatano kafin a koma ta Lome: "Mi ya hana a bar kilasman? Duwan da faktir da kamyo duk aro muka yi, ba wanda ya mutu." Yaya, gaskiyarka, ni ma ba na faɗa da aro. Amma kamyo ana ganinsa da ido, yaro ma ya nuna maka. Kilasman hukunci ne da wani ya yanke a kan dukiyarka, kuma kana da damar ka ce ba ka yarda ba. Wanda bai gane kalmar ba ba zai san akwai abin musu ba. Kayan miliyan ɗaya na sefa, ajin 10 jika ɗari ne, ajin 20 jika ɗari biyu, sannan TVA, harajin da ake ɗora wa kayan saye, ta kashi 19 ta hau kan jimillar har da kuɗin fiton. In kuma aka kama an sa kaya a gurbi mai rahusa, tarar a wuyan mai kaya take ƙarewa, ko da ba shi ya cika takardar a SYDONIA, tsarin kwamfutar duwan, ba. Ga wani dalilin: da ka tsallaka Jibiya kilasman ya mutu, kwastan da Turancin Ingilishi suke aiki. Gurbi kuwa ɗan Maradi da ɗan Katsina da mai masana'antar roba a Sharaɗa ta Kano duk za su ji shi daidai.

Na so in ce "gurbin fito", tunda kuɗin fito tsohuwar Hausa ce. Baban da ya yi ritaya ya ja kunnena cewa a bakin iyaka in aka ce fito, hankali kan 'yan fito yake zuwa, masu bi da kaya ta bayan gari. To, a rubuce mu cika shi, gurbin kuɗin fito. A baki gurbin duwan ya isa, 'yan'uwanmu na ƙetare su ce gurbin kwastan.

Abin da ya gagare mu har yanzu shi ne sunan da zai haɗa kujeru da tebura da gadajen babi na 94 gaba ɗaya. Kayan ɗaki bai yi ba: a Maradi in aka ce kayan ɗaki, har da kwanukan jere da labule da tasoshin amarya, kuma bencinmu ko ɗakin ba ya shiga. Kayan katako ya faɗi tunda roba ce. Kayan kafinta ma haka, inji ne ya zubo shi. Sharaɗin kundin galibi shi ne abu ya kasance an yi shi don a girke a ƙasa, shi ya sa wani ya ce "kayan girke", amma Hajiya ta ce ko ita tukwane za ta kawo in aka aike ta. Kafin a samu, ni "kujeru da tebura da danginsu" nake rubutawa. Wanda yake da tsohuwa a gida ya tambayo mana yadda suke haɗa gado da kujera da adaka a kalma ɗaya, in akwai.