Wace kaza ce za ta yi a bayan gidan haya a Agege?

Uwargida daga Agege:
Assalamu alaikum. Mai gidan da muke haya ya yarda in kafa akurki a bayan ɗakinmu, wurin bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. So nake in zuba kaji kamar 20, yara su riƙa samun ƙwai, in Salla ta zo mu yanka namu. A Katsina kajin gida na sani, a watsa musu dawa su kama gabansu. Nan kuwa ba wurin kiwo, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Maigidana ya ce buroila, maƙwabciyata Bayarabiya ta ce Noiler. Masu sani a taimaka.

Mai kaji a Mile 12:
Wa alaikumus salam Hajiya. A ba Alhaji haƙuri, buroila ba taki ba ce. Irin su Cobb 500 da Ross 308 cikin sati 6 zuwa 8 sun haura kilo 2, daga nan sai wuƙa. In kika bar su, abinci kawai za su ci, ƙafafu su kasa ɗaukarsu, zafin watan Maris ya riƙa kwashe miki su. Kazar kasuwa ce: a zuba ƙarshen Oktoba, a sayar lokacin Kirsimeti.

Masu ƙwai zalla, wato ISA Brown, suna farawa a sati 18 zuwa 20, kuma ɗaya takan yi kusan 300 a shekara. Amma sai abincin buhu, kika haɗa musu da dusa ƙwai ya ja baya. Abin da ke da daɗi da su a Legas shi ne ko sun tsufa ba asara, mutanen nan sun fi son namansu a miya saboda tauri. Ke dai bi maganar maƙwabciyarki. Kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo ne ya fitar da Noiler, tana cin ragowar tuwo da ganye, zakaran ya isa yanka a wata uku zuwa huɗu, macen kuma tana ƙwai daidai gwargwado.

Dattijo daga Zariya, mazaunin Obalende:
Duk wanda aka tambaya sai ya ce Noiler, kamar ita kaɗai Allah ya halitta. Muna da Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta samar don ƙwai, mai jure yanayinmu, sai dai samun 'yan tsakinta a kudu da wuya. Kusa da ku akwai FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, aikin Farfesa Olufunmilayo Adebambo, wadda aka gina a kan jinin kajin gida.

'Yata, abin da ba a faɗa miki ba: kajin nan ba su cika kwanci ba. In kina son ƙyanƙyasa, sa a taho miki da kazar gida ko biyu a motar kaya. Ƙwanta bai wuce 40 zuwa 60 a shekara ba, amma ki tura mata na Noiler ta kwanta, kwana 21 ki ga 'yan tsaki. Sai da zakara a cikinsu fa.

Maman 'yan biyu, Idi-Araba:
Baba, zakaran nan shi ne rigimar. Nawa tun kafin kiran assalatu yake farawa, sai da masu haya suka kai ƙarata, ya ƙare a farfesu.

Yaya, 20 sun yi wa wurin nan yawa, fara da 10. A Legas danshi na kashe kaji sosai. Ɗaga akurkin daga ƙasa, ki sa waya mai ƙananan ido saboda ɓeraye. Tunda ba buntun shinkafa a nan, nemi fiƙen katako wajen kafintoci, kina canzawa da ya jiƙe, in ba haka ba kashin jini zai shigo. Kada ki sayi 'yan kwana ɗaya, da wutar nan tamu ɗumama su wahala ne. Sayi 'yan sati huɗu ko biyar, ki tambaya ko an ba su magungunan rigakafin nan, Gumboro da Lasota.

Uwargida daga Agege:
Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan Noiler mata 10, zakara sai na shawo kan mai gidan hayar. Maman 'yan biyu, Lasotar sau ɗaya ake bayarwa?

Maman 'yan biyu, Idi-Araba:
A'a, ana maimaitawa, ni duk wata uku nake ba su a ruwan sha da sassafe. Ƙaramar kwalbar ta fi ƙarfin kaji 10, kuma da an buɗe ba ta ajiyuwa, sai ku haɗa kuɗi da maƙwabciyar taki. Ki je da kula mai ƙanƙara a ciki ranar sayen maganin.