Musayar Waƙa: Ƙetaren Kwara, Oktoba 1967

Ɗan Mazan Jiya: A yaƙin basasar Nijeriya da Biyafara, mahaifina na cikin Runduna ta 2 ta Murtala Muhammad da aka tura ta ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca. Na buɗe fage:

An karya gada, ga Anaca ana hange,
Murtala ya ce maza a shiga jirgin ruwa.
Sau uku ana tura samari cikin Kwara,
Sau uku kogi na haɗiye 'yan uwa.
Baba ya fito da takalmi ƙafa guda,
Har ya bar duniya yana tsoron ruwa.

Bakanon Dabo:
Kai mai kuka, ka manta da ranar Ore,
Da Biyafara ta doshi Ikko da gaggawa?
Wa ya kore su har ya ƙwato Benin?
Murtala ne, namijin da ba ya rusunawa!

Ɗan Yerwa: Bakano, sauko daga dokin nan. Ga namu, Muhammadu Shuwa, kwamandan Runduna ta 1.

Shuwa bai yi hayaniya ba ya ci Inugu,
4 ga Oktoba, yana tafe yana dubawa.
An ce wa naku ya bi ta Idah ya ƙi ji,
Sai da ya rasa maza ya koma yana bin shawara.
Tambayi Abagana, Maris na 1968,
Inda ayarin motoci ya kama ƙonewa.

Bakanon Dabo: A watan ne kuma ya shiga Anaca, faɗi duka!

Malam Mai Arulu: Ɗan Yerwa, kowa na tafiya a kan "wa", kai ka faɗa "shawara". Ɗangon ma ya fi 'yan uwansa tsawo. Kai kuma mai buɗe fage, "ruwa" sau biyu a amsa-amo talauci ne.

Ɗan Yerwa:
Malam, mu muna ƙirga gawar sojoji,
Kai gaɓoɓi kake ta ƙirgawa.

Malam Mai Arulu: Wannan ma ya karye, ɗana.

Gwaggo Mai Carbi: 'Ya'yana, kun yi ta rabon jarumta, kun tsallake gari guda.

Kafin a taɓa ruwa an zub da jini a tudu,
7 ga Oktoba, Asaba tana kallo.
Maza sun fito da fararen kaya na tarba,
Aka ware su gefe, aka buɗe musu wuta.

Ban nemi amsa-amo ba, Malam, kar ka gyara.

Malam Mai Arulu: Ba zan taɓa ba, Gwaggo.

Ɗan Mazan Jiya: Ku yi haƙuri, kwana uku ban leƙo ba. Gwaggo, na kasa haɗa baiti. Baba kan ba mu labarin kogin har dare ya raba, amma da an ambaci Asaba sai ya naɗe buzunsa ya shige ɗaki.