Inci 24 ko inci 27: wace monita ta fi daɗin karatu?

Mai_Buga_Takardu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikin Word da karanta PDF ne yini guda. Ga monita biyu, inci 24 da inci 27, dukkansu 1920×1080. Mai shago ya ce babbar ta fi. Haka ne?

Injiniya_Sabon_Gari: Wa alaikumus salam, Malam. Babbar za ta nuna rubutu da girma, amma ba za ta fi tsabta ba. Abin dubawa shi ne yawan fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo, da ke cikin kowane inci. Mai inci 24 tana da kusan 92, mai inci 27 kuwa kusan 82, don fiksel ɗin iri ɗaya ne aka shimfiɗa a wuri mafi faɗi. Shi ya sa gefen haruffa ke fitowa kamar haƙoran zarto. A rubutun Hausa abin ya fi ciwo, lanƙwasar ƙ da ɗ ƙarama ce, sai ido ya riƙa ɗaukar ƙ a matsayin k. Haka wasullan ajami. In dai inci 27 ake so, a nemi 2560×1440, wadda ke ba da kusan 109. In kuɗi bai kai ba, ɗauki mai inci 24.

Hajiya_Zane: Na yarda da Injiniya, sai dai kada a ɗauka ƙarin fiksel kullum alheri ne. 4K, wato 3840×2160, a inci 27 ta kai kusan 163, kuma Windows an gina ta ne a kan 96. In aka bar Scale, wato ma'aunin girman rubutu da alamomi a Windows, a kashi 100, rubutu zai zama kamar tururuwa. A shiga Settings, System, Display, a ɗaga shi zuwa 150. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne rage rezolushan, wato jimillar fiksel ɗin allo kamar 3840×2160, don rubutu ya girma. Kowane allon LCD yana da adadinsa na asali, da zarar an sauka daga kansa komai ya dusashe. A bar shi inda aka rubuta Recommended, a taɓa Scale kaɗai. Wasu tsofaffin manhajoji dai za su ɗan yi hazo ko da an yi hakan.

Injiniya_Sabon_Gari: Gaskiya ne, Hajiya. A kuma duba wayar da ke haɗa monita da kwamfuta. Tsohuwar waya ta VGA takan sa haruffa su yi inuwa, a danna Auto a jikin monitar ko a koma HDMI. HDMI 1.4 kuma 4K a 30Hz take tsayawa, wato allo na sabunta hoto sau 30 kawai a daƙiƙa, linzami ya riƙa jan ƙafa. Don 60Hz sai HDMI 2.0 ko DisplayPort 1.2.

Mai_Gyara: Tazara kuma, santimita 50 zuwa 70 tsakanin ido da allo, saman monitar daidai da ido. Bayan an haɗa, Malam, ka nemo ClearType, abin daidaita tsabtar haruffa na Windows, a Start ka bi matakansa har ƙarshe.